Makarantar da ba ta karɓar ko sisi: tambayoyi da amsoshi kan ofishin neman gudummawa na sakandaren Regis da takwarorinta a Amurka

A kan titi na 84 a Manhattan, cikin birnin New York, akwai wata sakandaren maza ta Katolika mai suna Regis. Tun da ta buɗe ƙofa a watan Satumba na 1914 har zuwa yau, ba a taɓa cewa uban yaro ya kawo kuɗin makaranta ba. Ga shi kuma malamai na karɓar albashi, ana biyan kuɗin wuta, ana ɗumama azuzuwa lokacin hunturu, duk a unguwar da ke sahun mafi tsada a Amurka. To wa ke biya? Bin sawun wannan tambaya shi ke kai mutum ƙofar wani ɗan ofishi da kusan kowace sakandaren Katolika a ƙasar take da shi yanzu, alhali shekara sittin da suka wuce da wuya ka same shi.

Wane ofishi ne wannan, kuma me ya raba shi da ofishin kuɗi?

Ofishin kuɗi yana ƙirga abin da ya shigo, ya biya abin da za a biya. Wannan kuwa aikinsa nemo abin da bai riga ya shigo ba. Shi ke riƙe da sunaye da adireshin tsofaffin ɗalibai, shi ke rubuta musu wasiƙa, shi ke shirya taron haɗuwarsu, shi ke zuwa gaban mai hali ya ce makaranta na da buƙata kaza, shi ke aika godiya da rasit. Da farko ana ce masa ofishin raya makaranta. Daga baya makarantu da yawa suka sauya masa suna zuwa ofishin ciyar da makaranta gaba, domin an haɗa masa hulɗa da tsofaffin ɗalibai, da mujallar makaranta, wani wurin har da tallata ta ga sababbin iyaye. Sunan ya yi taushi, amma kowa a cikin ginin ya san nan ne ake neman kuɗi.

Wa ya kafa Regis, kuma da kuɗin wa?

Mace ɗaya ce, Julia Grant. Mijinta Hugh Grant ya yi magajin garin New York daga 1889 zuwa 1892, ya rasu a 1910 ya bar mata 'ya'ya uku da dukiya mai yawa. Limamin cocin Saint Ignatius Loyola da ke titin Park Avenue a lokacin, Fada David Hearn na Jesuit, wata ƙungiyar limaman Katolika, ya daɗe da burin ganin an buɗe sakandaren da ɗan talaka mai ƙwaƙwalwa zai shiga ba tare da an tambaye shi ko taro ba. A jajibirin Kirsimetin 1912 matar ta miƙa masa ambulan, a ciki akwai dala 500,000. Wannan kuɗi ne na fitar hankali a zamanin da ma'aikaci ke shekara guda bai haɗa dala dubu ba.

Ta gindaya sharuɗɗa. Makarantar ta yaran Katolika maza ce, kyauta ce, a kuma fi duba waɗanda iyayensu ba za su iya biya musu irin wannan karatu ba. Sharaɗi na ƙarshe shi ne kada a faɗi sunanta. Aka gina makarantar a kusa da cocin, aka raɗa mata sunan John Francis Regis, wani waliyyin Katolika ɗan Faransa, ɗan ƙungiyar Jesuit, wanda ya rasu a 1640. Shekara da shekaru ɗalibai suna yi wa matar addu'a da laƙabin Mai Kafawa kawai, ba su san wace ce ba.

Ba ta bayar sau ɗaya ta juya baya ba. Ta ci gaba da ɗaukar nauyin makarantar har ta rasu a 1944, 'ya'yanta suka ɗora daga inda ta tsaya. Ke nan sama da shekara hamsin Regis ba ta buƙatar ofishin neman gudummawa, domin duk ofishin nata gida ɗaya ne.

Me ya sa aka nace sai kyauta?

Gado ne. Makarantar farko da 'yan Jesuit suka buɗe domin yaran gari ita ce ta Messina a tsibirin Sicily, a 1548, kuma dokar da Ignatius Loyola, wanda ya kafa Jesuit, ya bar wa ƙungiyarsa ta hana karɓar kuɗi a kan koyarwa. A Turai sarakuna, da hukumomin birane, da attajirai ne ke ajiye wa makarantun dukiyar da za su ci. Da suka zo Amurka sai suka tarar babu sarki, kuma Katolikan ƙasar yawancinsu baƙin haure ne masu aikin ƙarfi. Dole ta sa a 1833 suka samo izini daga Rum na su riƙa karɓar kuɗin makaranta. Abin da Fada Hearn ya yi sha'awa shi ne komawa tsohuwar hanyar, Julia Grant kuma ta tsaya a matsayin sarkin da babu.

Ba ita ce ta fara irin wannan ba. A Philadelphia wani ɗan kasuwa mai suna Thomas Cahill ya bar wasiyyar dukiyarsa, aka buɗe sakandaren Roman Catholic a 1890, ita ma kyauta. Bambancin shi ne ta Philadelphia a yau ana biya, Regis kuwa ta riƙe alkawarin.

Sauran makarantun Katolika da ba su da attajira a bayansu fa, da me suka rayu?

Da guminsu, musamman gumin mata. A 1884 bishop-bishop na Amurka suka yi babban taro a Baltimore, suka umarci kowane cocin unguwa ya gina makaranta. 'Yan Ayilan, da Jamusawa, da 'yan Italiya, da 'yan Polan suka riƙa zuba ɗan abin da suke da shi a faifan baiko ranar Lahadi, aka yi ta ɗora bulo. Gini abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta da albashi, kuma a nan ne sirrin yake: masu koyarwar sistoci ne da limamai da 'yan uwa maza na ƙungiyoyin addini, mutanen da suka yi alwashin talauci. Ba su da iyali, suna kwana a gidan da ke jikin makaranta, abin da ake ba su bai wuce na abinci da sutura ba. A 1960 kusan kashi uku cikin huɗu na malaman makarantun Katolika irin waɗannan ne.

A ganina wannan ita ce gudummawa mafi girma da aka taɓa ba ilimin Katolika a Amurka, ta fi ambulan ɗin Julia Grant nesa ba kusa ba, sai dai ba ta taɓa shiga littafin lissafi ba domin babu wanda ya rubuta mata rasit.

Giɓin da ya rage kuwa da ƙananan hidindimu ake cike shi: wasan bingo a zauren coci, tikitin ƙuri'ar cin kyauta, iyaye mata su gasa kek su sayar, a soya kifi ranar Juma'a lokacin azumin Lent, yara su bi gida-gida da kwalin cakulan. Ba tsari ba ne, karo-karo ne, kuma ya isa a lokacinsa.

To me ya faru da ya daina isa?

Abubuwa ne suka haɗu a shekarun 1960. A farkonsu yara sama da miliyan 5 ne a makarantun Katolika kusan 13,000, adadin da ba a sake gani ba. A 1965 sistoci a Amurka sun kai kusan 180,000. Bayan babban taron Batikan na biyu, wato taron bishop-bishop na Katolika na duniya wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, dubbai suka ajiye rigar sista, masu shiga sababbi suka ragu, waɗanda suka tsaya ma da yawansu suka koma wasu ayyukan. Duk ajin da sista ta bari sai an ɗauko malami mai iyali, mai kuɗin haya, mai neman inshorar lafiya da fansho.

A daidai lokacin Katolika masu ɗan hali suka yi ta ƙaura daga tsakiyar birane zuwa sababbin unguwannin bayan gari, suka bar tsofaffin coci-coci da manyan gine-gine da faifan baiko mara nauyi. Sai ga hauhawar farashi ta shekarun 1970. Makarantu suka ƙara kuɗi, iyaye suka janye yara, aka sake ƙara kuɗi a kan waɗanda suka rage. A yau ɗaliban sun dawo kusan miliyan 1.7 a makarantun da ba su kai 6,000 ba, kuma malaman da ke cikin rigar addini ba su kai kashi 3 cikin 100 ba.

Gwamnati ba ta sa hannu ba?

An gwada, kotu ta hana. Tun 1875 ɗan majalisa James Blaine ya nemi a rubuta a tsarin mulkin ƙasa cewa kuɗin gwamnati ba zai shiga makarantar addini ba. Ƙudurin bai wuce a majalisar dattawa ba, amma jihohi da yawa suka saka irinsa a nasu kundin. Da abin ya yi tsanani a ƙarshen shekarun 1960, jihohin Pennsylvania da Rhode Island suka yi dokar taimaka wa albashin malaman da ke koyar da darussan da ba na addini ba. A 1971 Kotun Ƙoli ta soke dokokin biyu a shari'ar da ake kira Lemon da Kurtzman. Daga ranar duk shugaban makarantar da ke jiran gwamnati ya san babu abin da ke tafe.

Iska ta juya daga baya. A 2002 kotun ta amince da tsarin Cleveland na ba iyaye takardar tallafi su kai makarantar da suka zaɓa, hukunce-hukuncen 2020 da 2022 kuma suka ƙara buɗe ƙofar. Amma kafin nan ofisoshin neman gudummawa sun yi shekara talatin suna aiki.

Yaya aka yi Regis ta fara miƙa hannu?

Ba da son ran masu ita ba. Zuwa ƙarshen shekarun 1960 tsadar ta fi ƙarfin gida ɗaya, duk arzikinsa, domin 'yan Jesuit ɗin da ke koyarwa su ma sun fara raguwa kamar yadda ya faru ko'ina. Zaɓi biyu ne ya rage: a karya sharaɗin Mai Kafawa a fara karɓar kuɗi, ko a bar wasu su sa hannu a abin da iyalin ke gani amanarsu ce su kaɗai. Da ƙyar suka yarda a buɗe wa tsofaffin ɗalibai da abokan makaranta ƙofar bayarwa.

A nan Regis ta ci sa'ar da ba kowace makaranta ke da ita ba. Shekara hamsin tana tace yaran da suka fi kowa ƙwaƙwalwa daga gidajen direbobi, 'yan sanda da masu kanti, tana koya musu Latin da Girkanci, tana tura su jami'a. Waɗannan yara sun zama likitoci, lauyoyi, alƙalai, ma'aikatan banki. Anthony Fauci, likitan da duniya ta sani lokacin annobar korona, ɗan mai kantin magani ne daga Brooklyn, ya gama Regis a 1958. Mutumin da ya san bai biya ko sisi ba, ya kuma san abin da karatun ya mai da shi, ba ya buƙatar doguwar huɗuba. Abin da ake ce masa a taƙaice shi ne: wata ta biya maka ba ta san ka ba, ga wani yaro yana jira.

Wannan ita ce kalmar da ofishin Regis ke maimaitawa ta fuskoki dabam-dabam har gobe. Yau makarantar na tsaye ne a kan ribar asusun ajiyarta da gidauniyar shekara-shekara, ƙungiyar iyaye kuma na kawo nata ƙoƙarin bisa ganin dama.

Daga ina makarantun suka koyi dabarun?

Daga jami'o'i da ƙungiyoyin jinƙai, ba daga coci ba. Jami'ar Yale ta kafa asusun tsofaffin ɗalibai tun 1890. A 1905 wasu ma'aikata biyu na YMCA, ƙungiyar samari Kiristoci, Charles Sumner Ward da Lyman Pierce, suka fito da salon gangami mai wa'adi a Washington: a sa adadin da ake nema, a sa ranar rufewa, a fara samun manyan alkawura a ɓoye, a raba masu sa kai rukuni-rukuni, a kafa ƙaton agogo mai nuna inda aka kai. Duk wani allo mai zanen ma'aunin zafi da ka gani a harabar makaranta yana hawa sama jikan wannan agogo ne.

Sakandarorin Katolika sun makara wajen ɗauka. Akwai masu ganin cewa bin attajirai da lissafin wa ya ba da nawa bai dace da gidan addini ba. Yunwa ce ta kashe gardamar.

Me ya sa wasu makarantun ke da shugaba kuma ga firinsifal?

Saboda mutum ɗaya ba zai iya duba jadawalin darasi da safe, ya hukunta mai makara da rana, ya kuma ci abincin dare da attajiri a wani gari ba. Makarantun Jesuit na cikin waɗanda suka fara raba kujerar gida biyu. Firinsifal ya fuskanci ciki, wato malamai da ɗalibai. Shugaba ya fuskanci waje, wato kwamitin amintattu, da tsofaffin ɗalibai, da kuɗi. Ofishin neman gudummawa a ƙarƙashin shugaba yake. Regis ma haka take.

Tare da wannan ne aka fara shigo da mutanen da ba limamai ba cikin kwamitin amintattu. Ba a faɗa a fili, amma duk wanda aka ba kujera a kwamitin ya san ana sa ran ya bayar, ko ya kawo mai bayarwa.

Kuɗin da ake nema iri nawa ne?

Ba ɗaya ba ne, kuma mai ruɗa su ba zai daɗe a aikin ba.

Akwai gidauniyar shekara. Wannan kuɗin cefane ne: a tara bana, a kashe bana, badi a koma farko. Yawancin makarantu na rufe shekarar kuɗinsu ranar 30 ga Yuni, shi ya sa a watan wasiƙu da kiran waya ke yawaita. A kowane aji da ya gama akan naɗa wakili mai bin abokansa, domin kunyar abokin aji ta fi ta baƙo. Ofisoshin kan damu da yawan waɗanda suka bayar kusan kamar yadda suke damuwa da jimillar kuɗin. Matashin da ya saba aiko da dala 20 yana shekara 23, shi ake sa ran zai aiko da dubbai yana shekara 50.

Akwai asusun ajiya, wanda ya fi kama da abin da muka sani da wakafi, duk da cewa dokokinsu ba ɗaya ba ne. Ba a taɓa uwar kuɗi. Ana juya ta a hannun jari, a ɗebi kashi 4 zuwa 5 cikin 100 a shekara. Lissafin mai sauƙi ne kuma mai sanyaya gwiwa: idan kana son dala 40,000 ta riƙa fitowa duk shekara har abada, sai ka ajiye kusan miliyan guda.

Akwai babban gangami na gini ko na ƙara asusun ajiya, wanda kan ɗauki shekaru. Kafin a sanar da jama'a an riga an sami kaso mai tsoka daga mutane ƙalilan a asirce, domin kada a yi shela a ji kunya. Ranar da ka ji an ƙaddamar, aikin ya riga ya yi nisa.

Sai wasiyya, wadda ita ce mafi shiru kuma sau da yawa mafi girma. Sai kuma liyafar gwanjo ta shekara, inda iyaye ke kawo kaya ko tikitin wasa ko hutun mako a gidan wani, a yi ta ɗaga hannu. Wasu sun zama al'ada mai suna, kamar Cashbah ta sakandaren Jesuit da ke St. Louis. Gwanjo na da hayaniya da hotuna, amma idan aka cire kuɗin zaure da abinci da watannin da ma'aikata suka ɓata, sau da yawa ziyara ɗaya zuwa falon mutumin da ya dace ta fi shi amfani. Ana ci gaba da yi ne domin a nan ake gano mutumin da ya dace ɗin.

Yaya ranar aiki take a irin wannan ofishi?

Ba ta da ƙyalli. Gyaran adireshi, duba sanarwar rasuwa a aika ta'aziyya, shigar da cak a kwamfuta, tabbatar da cewa wasiƙar godiya ta fita cikin kwana biyu ko uku kuma an rubuta sunan mutum daidai. Da can katuna ne a akwati, yanzu manhaja ce, wadda ta fi yaɗuwa ita ce Raiser's Edge ta kamfanin Blackbaud. Da masu kutse suka shiga rumbun kamfanin a 2020, makarantu da dama sai da suka rubuta wa masu ba su gudummawa suna sanar da su cewa bayanansu na cikin abin da aka kwasa. Wannan ya tuna wa kowa cewa jarin ofishin na gaske shi ne amana.

Masu aikin na cewa roƙo shi ne ƙaramin ɓangare. Kafin a roƙi mutum an yi shekaru ana gaishe shi, bayan ya bayar kuma sai an dawo an nuna masa inda kuɗinsa ya shiga.

Mai bayarwa na samun wani abu?

Yana samun sauƙin haraji. Tun 1917 dokar Amurka ta yarda a cire kyautar da aka ba ƙungiyar jinƙai daga kuɗin da za a yi wa haraji, bisa wasu iyakoki. Kyautar da ta kai dala 250 sai da takardar shaida daga makaranta. Idan ka sayi tikitin liyafa, kuɗin abincin da ka ci ba ya cikin kyauta. Kuɗin makarantar ɗanka kuwa ba kyauta ba ne ko kaɗan, ko da wane suna aka kira shi. Wasu kamfanoni kan ninka abin da ma'aikacinsu ya bayar, al'adar da General Electric ya fara a 1954.

Shi kuma ma'aikacin ofishin albashi yake ci. Ƙa'idar sana'ar ta hana a yanka masa kaso daga abin da ya tara, domin mai cin kamasho zai matsa wa tsohuwa ta bayar yau, ko da alherin makarantar na cikin a jira.

Masu kuɗi ba sa juya makarantar yadda suke so?

Haɗarin na nan, kuma duk wanda ya ce babu bai zauna a taron kwamiti ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Attajiri ya fi son sunansa a jikin filin wasa a kan ya gyara tukunyar ɗumama gini da ba mai gani. Wani zai bayar yana da jika mai neman shiga. Wani zai janye domin bai ji daɗin abin da wani malami ya koyar ba. Shi ya sa makarantu ke rubuta ƙa'idar irin kyautar da za su karɓa da wadda za su mayar, kuma kyautar da aka ɗaure da sharaɗi dole a kashe ta a kan sharaɗin.

Bayan tonon asirin cin zarafin yara da ya girgiza cocin Katolika daga Boston a 2002, wata tambaya ta ƙaru: kuɗina zai tsaya a makaranta ko zai tafi biyan diyya? Wannan ya ƙara wa makarantu da asusun tallafi dalilin yin rajista da riƙe littafinsu dabam da na dayosis, wato yankin coci da ke ƙarƙashin bishop.

Akwai kuma wani abin da ke damuna game da tsarin gaba ɗayansa. Yana ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi. Makarantar da ta yaye lauyoyi za ta tara miliyoyi, wadda ta yaye leburori da masu jinya, da irin ƙoƙarin da irin addu'ar, za ta rufe.

To makarantun unguwannin talakawa yaya suke yi?

Wasu dayosis sun kafa asusu ɗaya mai roƙo a madadin makarantu da yawa. A New York Kadinal Terence Cooke ya kafa asusun tallafin karatu na yaran tsakiyar birni a 1971. A Chicago Kadinal Joseph Bernardin da wasu 'yan kasuwa suka kafa Big Shoulders a 1986. Da yawan masu bayarwa a irin wannan asusu ba Katolika ba ne, haka ma da yawan yaran da ke amfana.

Dabarar da ta fi ba ni sha'awa ita ce ta Cristo Rey, wadda 'yan Jesuit suka buɗe a 1996 a unguwar Pilsen ta Chicago, inda 'yan asalin Meziko suka fi yawa, Fada John Foley na shugabanta. Ba su da tsofaffin ɗalibai ko ɗaya, iyaye kuma ba su da shi. Sai aka ce yara huɗu su raba gurbin aiki ɗaya a banki ko asibiti ko ofishin lauyoyi, kowannensu ya yi kwana biyar a wata, albashin ya tafi makaranta. An fara ne domin toshe ɓaraka, sai aka tarar aikin kansa karatu ne. Yanzu makarantu kusan 40 ne ke bin tsarin a faɗin ƙasar.

Ita ma Regis ta gano cewa kyauta kaɗai ba ta isa ta kawo ɗan talaka ba, idan firamaren da ya fito ba ta shirya shi cin jarrabawar shiga ba. A 2002 ta fara shirin REACH, mai ɗaukar yara tun suna aji biyar yana horar da su shekara uku. Wannan ma wani nauyin ne da ya hau kan ofishin.

Akwai abin da ya haɗa wannan labari da Najeriya?

Akwai zare ɗaya. 'Yan Jesuit na reshen New York, wato reshen ƙungiyar da Regis ke ƙarƙashinsa a lokacin, su ne suka kafa Kwalejin Loyola Jesuit a Gidan Mangoro da ke Abuja, wadda ta buɗe a 1996. Ita ana biya.

Ban da wannan, hanyar ta bambanta. Lokacin da makarantun Amurka ke koyon roƙo domin gwamnati ta ƙi kusantarsu, a nan gwamnati ce ta karɓe makarantun mishan a farkon shekarun 1970. St. John's ta Kaduna ta zama Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta Kakuri ta zama Kwalejin Sarauniya Amina. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai na nan da ƙarfinsu, suna gyara azuzuwa suna haƙa rijiyar burtsatse, sai dai galibi daga waje suke aiki, ba ofishi ne a cikin makaranta mai ma'aikaci da rajista da rahoton shekara ba.

Yaushe aka bayyana sunan matar?

A hukumance sai 2009, shekara 65 bayan rasuwarta. Asiri ne da ya daɗe da zama na kowa, domin akwai ƙaton hotonta a rataye a wani ɗakin taro na makarantar. Duk da haka hukumar ba ta furta ba sai da surukarta, wadda ita ce ta ƙarshe a gidan, ta rasu a 2007. Da aka zo gwanjon kayan da surukar ta bari, a ciki har da ƙoƙon zinariya da aka yi amfani da shi a sujadar Mas lokacin kafa makarantar. Regis ta shiga layin masu taya kamar kowa, ta saye shi.

Gidan iyalin da ke titi na 72 kuwa yana hannun coci, nan ne masaukin wakilin Fadar Paparoma a Majalisar Ɗinkin Duniya. A cikinsa Paparoma Francis ya kwana lokacin da ya ziyarci New York a watan Satumba na 2015.